Ranar da Waya Ta Ce Ya Gudu

Har gobe idan na shiga keke daga Gwallameji na tarar da wani ya kwantar da wayarsa yana murza gilashinta da manyan yatsu biyu yana buga wasan ƙwallo, sai in ji raina ya ɓaci. Ba da shi nake fushi ba, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. Da kamfanin da ya ƙera wasan nake, kuma da kaina.

A wani lungu na Ƙofar Wambai akwai shagon gem da na yi shekara goma sha biyu ina zuwa. Talbijin uku ne, kowace da na'urarta ta wasan ƙwallo, sai benci biyu da wata fanka mai kuka kamar tsohuwar injin niƙa. Mai shagon Bafulatani ne da iyayensa suka daɗe da zama cikin gari, mutum shiru-shiru, amma yana da doka ɗaya da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: idan ka karɓi abin bugawa, wanda muke ce wa hannu, ba ka ajiye shi sai alƙalin wasa ya hura usur na ƙarshe. Ko shida aka zura maka, ka zauna ka shanye. Wanda ya ajiye hannu a tsakiyar wasa, an ce ya gudu, kuma a shagon nan babu abin kunyar da ya kai wannan. Akwai wani ma'aikacin banki da aka ci huɗu, ya kara waya a kunne ya fita kamar ana kiransa. Wata guda mai shago ya hana shi zama, kuma da ya dawo sunansa ya zama Mai Uzuri, har ya bar garin.

A nan na haɗu da abokin karawata. Mutumin kudu ne, Kirista, yana da shagon kayan gyaran babur da keke a bakin titi. Ya girme ni da kaɗan, don haka Oga nake ce masa, shi kuma ya ce mini Malam. Hausarsa irin ta 'yan kasuwar Bauchi ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Idan ya zura ƙwallo sai ya miƙe ya ce, "Malam, ya shiga! Ka gaya wa madam ya dafa maka kunu, ka sha ka huce." Duk Asabar bayan la'asar muna nan. Idan sallah ta riƙe ni, yana zaune yana tsare mini layi.

Abin da nake so a riƙe game da shi ɗaya ne. Lokuta da dama ana ɗauke wuta muna tsakiyar wasa, kafin a tayar da janareto komai ya goge. Wasu sai su yi murna idan su ake ci. Shi kuwa da zarar talbijin ta dawo zai ce, "Biyu da babu ne, kai ne a gaba, mu ɗora daga nan." Ko da ni na manta, shi zai tuna mini.

To, muna zaman zamanmu sai labari ya bazu cewa kamfanin da ke yin na'urar ya saki wasan a waya, wai kyauta. Kai, ka ga murna! Har da ni a masu tafi, ba zan yi ƙarya ba. Ban yi tunanin mai shago ba, wanda ya yi shekaru yana sayen na'urorinsu da faya-fayansu, duk sabuwar da suka fitar sai ya matse ya kawo. Su suka cusa masa kayan, sannan suka zagaya ta bayan gida suka kwashe masa mutane. Abin haushin ma, samari suka riƙa zuwa shagon suna zama a bencinsa, suna shan iskar fankarsa, suna cajin waya a soket ɗinsa, kowa ya sunkuyar da kai yana buga wasan a tafin hannu, talbijin uku suna kallonsu. Bai yi wata takwas ba ya sayar da komai, ya sa firji yana sayar da fura da nono.

Shi kuma wasan wayar, Allah na tuba, wasa ne? Gumi ya jiƙa gilashi, yatsa ya zame, ɗan wasanka ya harba ƙwallo sama kamar mai jifan mangwaro. Kuma babu wanda ke bayanka da zai yi maka ihu ko dariya.

Duk da haka ni da Oga muka ce ba za mu bar Asabar ɗinmu ta mutu ba. Ya zamana shi yana shagonsa, ni ina falona a Gwallameji, mu haɗa ta waya mu buga. Mun yi makonni haka, ba daɗi amma da hanau gara mannau. A lokacin kuwa ya yi mini ci biyar a jere, yana turo mini saƙon murya yana dariya, ina cizon yatsa.

Sai wata Asabar Allah ya ba ni sa'a. Kafin hutun rabin lokaci na zura masa uku. Na gyara zama, har na kira matata ta zo ta ga ikon Allah. Ana dawowa daga hutu sai 'yan wasa suka daskare, wata 'yar da'ira ta yi ta juyawa, sannan rubutu ya fito da Turanci ƙarara: abokin karawarka ya fice daga wasa. Ba su ce sabis ya yanke ba, ba su ce wataƙila ba. Cewa suka yi ya fice, suka ba ni nasara da wata 'yar kyautar banza.

Jinina ya hau. Na kira shi nan take. Ya ɗauka yana cewa, "Malam, me ya faru? Abin ya tsaya a nan."

Na ce, "Ya tsaya ko ka gudu? Ga shi a rubuce, Oga! Da ka ci ni sau biyar sabis bai san hanyar yankewa ba, sai yau?"

Ya ce, "Haba Malam, ni zan gudu? Ni?"

A nan ne bakina ya yi mini aika-aika. Na ce, "Dama haka kuke."

Kuke. Ban ce haka kake ba, da da sauƙi, da faɗan wasa ne irin wanda muka saba. Na ɗauki mutumin da ya zauna kafaɗa da kafaɗa da ni shekara goma sha biyu, na jefa shi cikin taron mutanensa na yi musu kuɗin goro. A shagon gem, da idanun jama'a da fuskarsa a gabana, wallahi wannan magana ba za ta fito ba. Ina jin ƙarar babura a bayansa. Sai ya ce, "To, Malam. Na gode." Ya kashe.

Girman kai ya hana ni sake kira. Ina ce wa kaina ai waya ta rubuta, na'ura ba ta son kai. Matata ta ce, "Baban yara, ka kira mutumin nan, maganar ta yi nauyi." Na ce ta bar ni. Na koma bugawa da baƙin da ban san ko a wace duniya suke ba, haka wajen wata huɗu.

Wata ranar Lahadi da hantsi wani baƙo ya zura mini biyu. Ina fafutukar ramawa sai kiran mahaifiyata ya shigo daga Zungur. Ko ɗauka ban yi ba, ƙarar kawai ta shigo, wasan ya ɓace. Bayan mun gama gaisawa na koma, sai na tarar da nawa rubutun yana jirana: ka fice daga wasa, an rage maka maki. Ni da ban taɓa ajiye hannu ba tun da nake! Na zauna ina kallon wayar, kunya ta lulluɓe ni. Ashe kamfanin da ya iya zana gumi a goshin ɗan wasa bai damu ya bambance mai gudu da wanda uwarsa ta kira ba. Sun zauna a ƙasarsu mai sabis kamar ruwan famfo sun rubuta kalma ɗaya, ni kuma da hankalina na ɗauke ta na soki abokina da ita. Su suka ba ni wuƙar, amma hannuna ne ya yi sukan, wannan ba zan ɗora wa kowa ba.

Washegari ana tashi daga ofis na wuce shagonsa. Duk hanya ina tsara abin da zan faɗa. Na ce zan fara da zolaya, idan ya yi dariya sai in ba shi haƙuri. Na same shi yana jera kwalaye a kanta. Da ya gan ni ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi mini ba, ya goge kujerar da yake ba masu ciniki ya tura mini.

Ya ce, "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. Yaya iyali?"

Na ce, "Lafiya lau. Oga, na zo ne kan maganar nan. Abin ya faru da ni jiya, na gane sabis ne. Ka yafe mini."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Maganar sabis ba komai, ya wuce tuntuni." Na jira ya ambaci ɗaya maganar ko da da faɗa ne, ko zagi, zan ɗauka. Bai ambata ba, ni ma harshena ya kasa ɗauko ta.

Ya juya ya dubi kayan da ke kanta, ya dawo da idonsa kaina da fara'ar da yake yi wa kowa, ya ce, "Me za a kawo maka?"

Na nuna abin da idona ya fara sauka a kai, wayar birkin babur. Ya naɗe ta a leda ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce a gaida gida. Na fito da ita a hannu na tsaya a bakin titi ina jiran keke, ni da ban taɓa mallakar babur ba.