Ɗaki Ɗaya da Surukina a Bakin Filin Jirgi

Shekarun baya, wata Asabar da ƙarfe huɗu da kwata na yamma, aka tara mu a gidan surukina da ke Tarauni a Kano. Akwai yayyen matata maza biyu, akwai mahaifiyarsu Hajiya, akwai matata da tsohon ciki. Ni ina durƙushe a bakin ƙofar falo, inda na saba tsayawa tun da aka ba ni aure a gidan. Shi Baba yana kwance a ɗaki. Ciwon ƙugu ya hana shi tafiya sai da sanda da mai riƙewa.

Magana ɗaya aka zo yi. Likita ya ce a kai shi Masar a yi masa aiki, to wa zai raka shi? Babban yaya fasfo ɗinsa ya ƙare aiki. Ƙaramin ba a ba shi hutu a ofis ba. Hajiya tana fama da hawan jini. Ni kuwa ban daɗe da dawowa daga Umara ba, fasfona yana nan da ransa. Babban yaya ya juyo yana murmushi ya ce, "To ango, kai Allah Ya zaɓa."

Na ce, "Ba komai." A zuciyata kuwa akwai komai.

Ga dalili. Ban taɓa cin abinci a gaban Baba ba. Ban taɓa zama a kujera yana wurin ba. Ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Shi ma bai taɓa kiran sunana ba, Malam yake ce mini. Haka na taso na ga ana yi, kuma haka nake so. Na koma gida Gyaɗi-Gyaɗi na haɗa kaya ina tunanin yadda za a yi.

Masaukin da aka kama mana a Alƙahira otal ne na masu daɗewa, yawancinsu 'yan jinya. Ɗaki ɗaya ne mai gado biyu, da ɗan kicin, da furji, da banɗaki ɗaya wanda ƙofarsa take daidai kan gadona. Taga tana kallon filin jirgi. Wannan jirgi na tashi wancan na sauka, gilashi yana ta rawa, in kana magana sai ka dakata ya wuce. Akwai Hausawa a benen, don wani lokaci ƙanshin daddawa yakan biyo ta ƙarƙashin ƙofa.

Aikina a gida kula da sito ne, kuma ni mutum ne mai son tsari. Saboda haka tun ranar farko na tsara zamanmu. Bayan sallar Asuba in dama kunu da garin da Hajiya ta ba mu, in ajiye masa, in fita. Nawa in sha a matakalar bene. In buƙata ta kama ni, in sauka banɗakin ƙasa na kusa da masu karɓar baƙi. In dawo in wanke kwanuka, in ba shi magani. Da rana haka, da yamma haka. Kowane lokaci nakan tsaya daga bakin ƙofa in ce, "Baba, akwai abin da ake buƙata?" Ya ce, "Babu, Malam. Allah Ya yi albarka."

Har waya na yi wa matata ina yabon kaina, na ce mata komai yana tafiya bisa ƙa'ida.

Na lura robobin ruwan da nake jerawa kusa da gadonsa ba sa raguwa. Na ce wataƙila ɗanɗanon ruwan ƙasar ne bai yi masa ba, na sayo wani iri. Na ga leɓensa ya tsattsage, na ajiye masa man kaɗanya. Iyakar abin da hankalina ya ba ni ke nan.

Ana saura kwana biyu aiki muka je karɓar sakamakon gwajin jini. Likitan ya duba takarda, ya ɓata rai. Baba ya koyar da Larabci tsawon rayuwarsa, don haka su biyu suka yi maganarsu. Ni Larabcina na salla ne. Na dai ga likitan yana ɗaga murya, yana nuna ni da biro, Baba yana girgiza kai kamar mai kare ni.

A cikin tasi na daure na tambaya. Baba ba ya ƙarya. Ya ce, "Ya ce ba za a yi aikin jibi ba. Jikina ya bushe, ƙodata ta fara gajiya. In ba ta farfaɗo ba nan da mako, sai mu koma gida yadda muka zo."

Na ce, "Me ya kawo haka, Baba?"

Ya kau da kai ya kalli titi.

Da muka koma masauki na kwantar da shi, sai na yi abin da ban taɓa yi ba tun zuwanmu: na shiga banɗakin ɗakinmu. Masai ne na zama, gajere ƙwarai. Ƙasa tayil ne mai santsi. Babu abin dafawa ko ɗaya. Ƙarfen rataye tawul ya ɓalle daga bango, an jingine shi a bayan ƙofa a natse, kamar wanda ba a so a gani.

A nan na gane. A gida ɗansa ne yake riƙe shi ya zaunar da shi ya tashe shi. A nan ba shi da kowa sai mijin 'yarsa. Sai ya jira na fita, ya ja jiki shi kaɗai, ya kama abin da ya samu. Da abin ya gagara, sai ya rage shan ruwa don kada buƙatar ta zo.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye a wurin ba. Kunyar da na ji ta fi wadda nake gudu nesa ba kusa ba.

Na fito na durƙusa a gefen gadonsa, na juya fuskata ga bango. Na ji wani jirgi ya taso, sai na yi sauri na faɗi maganar a cikin ƙararsa, wai don ta yi mini sauƙi. Jirgin ya wuce, ɗaki ya yi tsit. Baba ya ce, "Me ka ce, Malam?"

Dole na maimaita, kowace kalma a fili. "Na ce daga yau ni zan riƙa kai ku banɗaki."

Can ya ce, "Malam, 'yata na ba ka. Ban ba ka wannan ba."

Na ce, "Da za mu taho Hajiya ta ce mini ga amana nan. In na mayar da ku da ƙugun nan, ga kuma ciwon ƙoda, da wane baki zan gaishe ta?"

Wani jirgi ya sauka. Sai ya ce, "Wai kai ina kake cin abinci?"

Na ce, "A matakala."

"A tsaye?"

"Wani lokaci a zaune."

Sai na ji yana dariya, dariyar da ban taɓa ji daga bakinsa ba, har da tari. Ya ce, "Ni da furfura, kai da gemu, mun zo ƙasar mutane muna wasan ɓuya. Miƙo ruwan nan."

Ya shanye roba guda a gabana. Sannan ya kafa sharaɗi biyu, don shi ma mutumin tsari ne. Na ɗaya, in zan ga nasa sai ya ga nawa, saboda haka abinci a kwano ɗaya za mu ci. Na biyu, in mun koma Kano kowa ya koma matsayinsa. Lomar farko da na kai baki a gabansa, wallahi ban san ko shinkafa ce ko tsakuwa ba.

Abin da ya biyo baya na jinya ba zan bayyana shi ba. Na yi abin da ɗa yake yi wa uba, idona a ƙasa, shi kuma yana salati. Ƙodar ta farfaɗo, aka yi aiki, aka yi nasara. Muka ƙara makonni a otal ɗin yana koyon tafiya a baranda, hannunsa a kafaɗata.

Ranar da muka sauka Kano, yana hango 'ya'yansa ya saki hannuna. Washegari na je gaisuwa, na durƙusa a bakin ƙofa. Ya ce, "Malam, an huta gajiya?" Muka ci gaba a haka har shekarun da Allah Ya ƙara masa suka cika. Da ƙafarsa yake zuwa masallaci.

Ranar da ya rasu ina waje cikin masu zaman jira, inda ya dace suruki ya zauna. Babban yaya ya fito idonsa jawur, ya dafa ni ya ce, "Taso. Baba ya bar wasiyya, ya ce in za a yi masa wanka kai za ka zuba ruwa." Na tashi na bi shi.

Sai da na nemi izinin 'ya'yansa kafin in rubuta wannan. Ban ce a yar da kunya ba, har gobe ina durƙusa wa Hajiya. Amma na tsara kunu, na tsara magani, na tsara inda zan ɓuya, na bar dattijo yana ƙishirwa a ɗakin da nake kwana. In na tuna, har yau kaina yakan sunkuya.

Roƙona biyu ne. In jinyar babba ta faɗo a kanku, kada ku tsaya daga bakin ƙofa kuna tambaya ko akwai abin da ake buƙata, don zai ce babu. Ku shiga ku duba da idonku tun ranar farko. Sannan duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya ce Allah Ya jiƙan Baba.