Ramukan da Malam ya bari a katanga

Shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana, wanda 'yan unguwarmu ta Banifandu ke kira Injiniya, ni kuwa Malam nake ce masa. Na so bana in rubuta addu'a kawai in yi shiru, amma tun da damina ta kama na kasa zama wuri guda.

Gidanmu a kan gangare yake. Da za a gina shi, kamyo-kamyo, wato manyan motoci, aka zuba jar ƙasa don tsakar gida ta daidaita, har ta ɗara ta maƙwabcinmu na ƙasa da fiye da tsayin mutum. Katanga ɗaya ce ke riƙe da ƙasar nan duka. Malam ya yi mata gindi mai kauri, ya jera tsakuwa a bayanta, ya bar ramuka da guntayen tiyo a ƙasanta. Na ce masa ɓeraye ya yi wa ƙofa. Sai ya nuna mini buhun gero a madafa, ya ce in duba inda ya fi kumbura. Haka ƙasa take, in ji shi, ba ƙasa kaɗai take dannawa ba, gefe ma take turawa, kuma a gindi ta fi ƙarfi. In ta sha ruwa, ruwan ya rasa hanyar fita, turin ya ninka biyu.

Bakin ramukan a gidan maƙwabci yake. Saboda haka duk farkon damina sai Malam ya ɗauki wani guntun ƙarfe, ya zagaya, ya yi sallama, ya tsuguna yana zungure su. Mutum da furfurarsa yana rarrafe a gidan mutane! Nakan yi masa tsiya, ya ce katanga ba ta san sunan wanda ya gina ta ba.

Bayan rasuwarsa aka sayar da gidan na ƙasa. Sabon mai shi ya kawo maso, wato magini, ya shafe ramukan da siminti, wai ruwa na ɓata fenti, ya jingina rumfa da katangar, ya zuba 'yan haya. Bana na ga ƙasa ta tsage a tsakar gidana, doguwar tsaga mai bin jikin katangar. Na nuna wa babban ɗana, ya ce, "Mama, ginin Baba ne fa, ba ya faɗuwa." Sabon mai gidan na ƙasa ma da na aika masa, amsar ke nan. Abin da ke ci mini rai shi ne sunan Malam ne ya kwantar wa kowa da hankali, alhali shi bai taɓa kwantar da nasa ba. Da yana nan, na tabbata wannan yabon ne zai fara ɓata masa rai.

Ranar da aka kwana biyu ana ruwa, na ɗauko ƙarfensa daga bayan ƙofa, na zagaya na yi sallama. Na tarar da matar wani tela cikin 'yan hayar, 'yar garin Tawa, ta shimfiɗe jaririyarta a gindin katangar.

"Nan ya fi sanyi, Inna," ta ce.

Na san abin da ya kawo sanyin. Na roƙe ta ta ɗauki yarinyar, na lalubi inda ramin farko yake, na yi ta duka har simintin ya fashe. Jan ruwa ya tunkuɗo da ƙarfi, ya wanke tabarmar. Ta goya 'yarta, ta karɓi ƙarfen ta nufi rami na gaba.

Ban sani ba ko katangar za ta kai wata daminar, mun dai kira masana su duba. Na daɗe ina zaton ita ce abin da Malam ya bar mana, Allah ya jiƙansa. Yanzu na fi ganin ƙarfen nan ne da sallamar. Da zan fito na miƙa hannu in karɓe shi, matar ta ce in bar mata, ita ce ke kwana a ƙasan katangar.