Ƙullin Kukar Yaya Dalhatu

A wannan wata na Muharram yayana Dalhatu ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Allah Ya jiƙansa. Alhazan da suka sauka a unguwar Hindawiyya ta Makka kafin yaƙin duniya za su tuna shi: dogon mutum mai jakuna huɗu, wanda yake kai baƙi yini guda ƙauyukan Wadi Fatima bayan an gama Hajji, lokacin zaman jiran jirgin ruwa. Na ɗauki alƙalami ne don yanzu sunansa yana rubuce a jikin wata mota, kuma ina so masu karatu su san babu ruwansa da ita.

Tafiyarsa tana da tsari, ba ya kuma sauya shi don kowa. Da farko, kwana biyu kafin a tashi, yakan bi masaukai ya karɓi ƙulli daga ragowar guzurin kowane mai son zuwa: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa. Wanda ba shi da ƙulli ba ya zuwa, ko da sarkin garinsu ne. Na biyu, a tashi da an sallame asuba, mata da tsofaffi a kan jaki, sauran a ƙasa. Na uku, in an isa, ba mai taɓa ganye ko ruwa sai an yi gaisuwa.

Dalilin ƙullin shi ne akwai mutanenmu a lambunan nan, waɗanda suka zo da ƙafa tun suna samari suka maƙale suna ban-ruwa a gonakin Larabawa. Babbansu Baba Tanko ne, mutumin ƙasar Katsina, wanda mabuɗin lambun da ke bakin idon ruwa yake hannunsa. Da ya ji Yaya zai zo, sai ya tuƙa tuwon dawa ya ajiye. Matan ayari su kaɗa miya da abin da aka kawo. A ci tare, yana tambayar gari bayan gari, wa ya mutu, wace kasuwa ta tashi. Bayan haka ne yake buɗe lambu: kankana, ruwan lemun tsami da zuma, ɗanyen dabino in lokacinsa ne. Ƙauye biyu kawai ake gani, a dawo Makka da isha, ƙafa na ciwo.

Yau Sa'idu ɗan Yaya ne ke kai mutane. Ya sayar da jakunan, ya sami tsohuwar motar Italiya da aka tsallako da ita daga tashar jiragen ruwa ta Musawwa bayan yaƙi, ya sa an rubuta mata Ziyarar Dalhatu. Makon jiya na shiga don in gani da idona. Kafin a tashi na tambaye shi ina ƙullin.

Ya kira ni baffa da Larabci, ya ce, "Ya ammi, wane ƙulli kuma? Mutanen nan jirginsu jibi ne. Gani suke so, ba girki ba."

Sun kuwa gani. Ƙauye biyar kafin azahar, kowanne ta cikin ƙura. Sa'idu yana tsaye a matakalar mota da sanda a hannu, duk dutsen da muka wuce sai ya ba shi tarihi. Uban da ya haife shi, in an tambaye shi abin da bai sani ba, cewa yake yi bai sani ba. Abincin da aka yi alkawari na ƙauye ne, amma burodi aka ba mu da kifin gwangwani, sai dabinon da na ga ana loda wa mota a kasuwar Makka da safe. Aka shimfiɗa shi a gindin wata bishiyar dabinon da ba ta haife shi ba, alhazai suna ta yaba ɗanɗanon karkara.

Sa'idu ya aika wa Baba Tanko cewa ɗan Dalhatu na tafe da baƙi. Muka tarar da tsohon a bakin ƙofa, ya sa rigarsa ta Juma'a, ga tuwo a akushi uku an rufe da faifai.

Ya ce, "Lale da ɗan Dalhatu. Ina matan? Ruwan miya ya daɗe da tafasa."

Sa'idu ya amsa masa da Larabci, ya ce rubu'in sa'a kawai gare su. Kafin ya rufe baki mutane sun kutsa. Wannan ya karya reshen lemo wai tabarruki, wancan ya cika aljihu da ƙasa. Wani mai babbar riga ya zauna a kan idon ruwa, inda ƙauyen duka ke ɗiban na sha, ya tsoma ƙafafunsa yana wankewa. Ba wanda ya tambayi tsohon sunan garinsu. Da mota ta yi ƙaho suka fito, tsohon ya sauke tukunyar, ya ja ƙofa ya sa mabuɗi. Ni ma hannu rabbana na je masa, kuma ni na san ƙa'ida. Wannan laifina ne.

Na tambayi kaina abin da Yaya zai ce. Ba na jin zai zagi mota, don ya sha fama da jaki mai gardama. Zai dai tambayi abin da za a kai wa tsohon, ya ji ba komai, ya sauke kowa tun a Hindawiyya. Ƙofar nan shekara ashirin ya yi yana kiyaye wa Hausawan Makka ita, ɗansa ya rufe ta a rubu'in sa'a.

Shekaranjiya na bi masaukai kamar yadda yake yi. Wata hajiya mutuniyar Daura ta ba ni kuka da daddawa uku. Na ari jaki na tafi. Baba Tanko ya karɓi ƙullin ta saman ƙofa, ya kwance, ya daɗe yana shinshinawa. Sannan na ji mabuɗi.

Ya ce, "Shigo, ƙanin Dalhatu. Ka gaya wa mai motar nan ya goge sunan."

Na gaya masa. Bai goge ba. Abin da ya rage na Yaya ba ya jikin motar nan, yana cikin tsumman da aka ɗaure kukar. Duk alhajin da ke son ganin Wadi Fatima baɗi, ya rage wani abu a guzurinsa, ya neme ni a Hindawiyya. Da asuba ake tashi.