Amos da hular buhun albasa

Kafin Amos ɗan Yunusa ya zama depite, wato ɗan majalisar ƙasa, shekara goma sha ɗaya ya yi yana dakon albasa a tashar garinsu, bakin kwalta, yamma da Madawa. Ubansa mai wankin zannuwa ne a asibitin mishan. Shi ma aji shida ya yi a lakkol ɗin mishan, sannan ya watsar ya ɗauki gammo. Mutanen majami'a suka ce ya lalace. Shi kuwa ya lura a tasha ba a tambayar mutum inda yake ibada kafin a aza masa kaya.

Buhun wancan zamani hula gare shi. In an cika shi har baki sai a ƙara tula albasa a bisa, a rufe da wani ƙyalle a ɗinke. Manomi ya sayar da buhu ɗaya, kamyo, babbar motar kaya ta Abijan, ya tafi da ɗaya da rabi, ɗan dako kuma ya hau katakon lodin mota da rabin nan a ƙugunsa. Babban dillalin tashar, Alhaji Bashiru, yana zaune a kujerar ƙarfe ƙarƙashin rumfa yana duba tsayin hula. Duk shekarun nan bai taɓa kiran Amos da sunansa ba. Daga "kai, ɗan mishan" sai "kai, dogo".

Da aka gama Taron Ƙasa a 1991 kowa ya kafa sandika, wato ƙungiyar ƴan sana'a, har mahauta. Amos ya tara ƴan dako sittin, kusan dukansu Musulmi, ya rubuta takarda da hannunsa ya kai biro, ofishin hukuma, a Madawa. Ya iya magana. In ya hau kan buhu sai ya nuna Jima, wanda dako ya tanƙware tun yana da shekara arba'in, ya ce duk mai son ganin kansa nan da shekara biyar ya dubi Jima. Mutane su yi tsit.

Matarsa Hulda ce kaɗai ba ta yin tsit. Wata safiya tana dama masa kunu ta ce, "Ni na san abin da ka cin ka, Baban Salome. Ba ƙugun Jima na ba. So kake Alhaji shi buɗe baki shi ce Amos."

Kwana biyu bai ci tuwonta ba. Da ƙarya ta yi masa, da ya ci.

A Afrilun 1992, albasa na tsakar fitowa, ƴan dako suka ajiye gammo suka ce sai an cire hula. Kamyo suka jeru. Amos yana jiran Alhaji ya taso daga kujerar nan ya tako zuwa wurinsa, ya manta cewa albasar da ke zube a rana ba ta zama ta Alhaji ba tukuna. Alhaji ya daina saye kawai, ya sa aka kawo masa shayi.

Rana ta uku wani tsohon manomi, Baba Isufu, ya zo ya kama hannun Amos, ya matse masa albasar da ta fara ruwa a tafi.

"Wagga ba ta Alhaji ba ta, ɗana. Tau ta. Wata huɗu ina ba ta ruwa."

Amos ya dubi rumfa. Yana ganin da za a ƙara kwana uku, wari zai kori direbobi, Alhaji zai zo dole. Ya so kwana ukun nan ƙwarai, kuma bai taɓa gaya wa kowa yadda ya so su ba. Amma ya goge hannu a wando ya kira mutanensa. Waɗanda suka rantse ba za su ɗauki kaya ba suka yi dakon da ba su taɓa yin irinsa ba: kwana biyu suna kwashe albasar manoma kyauta, suna kai ta rudu, bukkokin nan na ciyawa da ake ajiye ta ta sha iska. Da manoma suka ga kayansu a inuwa sai suka gane su ma suna iya jira, kuma hular nan su take cuta kafin kowa. Rana ta tara aka yarda buhu ya tsaya iya bakinsa. Gari ya yi ta guɗa. Alhaji kuwa manzo ya aiko.

Farkon 1993 wata jam'iyya ta zo neman wanda za ta tsayar depite. Ƴan dako suka tura Amos, Alhaji Bashiru ma ya fito, yana faɗa a fili cewa in ya samu kujera hula za ta dawo, don masu saye na Abijan sun fara ƙorafi. A ɓoye kuma ana yawo da wata maganar: yaya garin Musulmi zai aika wanda ba ya salla? Fasto da kansa ya shawarci Amos ya janye, kada a ja wa ƴan majami'a baƙin jini. Amos ya ce in ya janye ƙugun mutum sittin ya sayar. Gaskiya ce, ko da ba ita ce duka gaskiyar ba.

Zaɓen layi aka yi, a filin lakkol. Ɗan takara ya fuskanci bango, masu son sa su jeru bayansa, kuma ba ya waiwaye sai an gama ƙidaya. Amos ya tsaya yana kallon tsagar siminti. Takun ƙafafu kawai yake ji, bai san ina suka nufa ba. Ya san in ƴan dako ne kaɗai bayansa, kaka mai zuwa su ne za su ɗinka hular da hannunsu.

Sai ya ji hannu mai kaushi a kafaɗarsa.

"Tsaya da kyau, ɗana, kak ka waiwaya," in ji Baba Isufu.

Daga layin Alhaji wani ya ɗaga murya ya tambayi tsohon ko yau wanda ba ya alwala zai bi.

"Liman muna da shi, lahiya tai lau," in ji Baba Isufu. "Ni wanda ya ɗauki albasata nika bi."

Dariya ta tashi bayan Amos, ta yi ta tafiya tana nisa, har ya daina jin ƙarshenta. Da tsawon dariyar nan ya auna layinsa. Da aka ce ya juya, layin ya fita ƙofar lakkol, ya bi bakin kwalta, har da matan da suka bar shanya suka zo da goyo. Jima ne na biyu, a tanƙware, yana washe baki.

Manyan jam'iyya suka ce wanda ya faɗi ya ɗaga hannun wanda ya ci, ya sanar a lasifika. Alhaji Bashiru ya tako. Takun da Amos ya yi shekara goma sha ɗaya yana jira ke nan. Alhaji ya kama hannunsa, ya rufe bakin lasifikar da tafi, ya sunkuyo.

"Don Allah, dogo, mi as sunanka na yanka?"

Amos ya dube shi. Babu reni a fuskar, mutumin da gaske bai sani ba. Ashe duk faɗan nan da yake yi da shi a zuci, Alhaji bai ma san ana yi ba. Amos ya ji dariya ta taso masa daga ciki, ya faɗa masa sunan. Alhaji ya faɗe shi sau biyu, gari duka ya ji.

A watan Fabrairu ya ci babban zaɓe, ya tafi Yamai, ƴan dako suka raka shi tasha suna faɗa kan wanda zai ɗaukar masa jaka. Hula ba ta dawo garin ba. Ran tafiyar, Hulda ta gyara masa wuyan riga, ta tambaye shi ko yanzu ya ƙoshi, tun da Alhaji ya kira sunan.

Ya ce mata akwai mutane da yawa a Yamai da ba su san shi ba tukuna.