Jegon da Na Yi Ba Jariri

Assalamu alaikum, ƙawayena da matan da ke ɗaukar karatu a tsakar gidana. Wata huɗu ba ku ga rubutuna ba. Na ji an ce aljani ya taɓa ni, an ce girman kai ne. Duk ƙarya ne. A karanta takardar nan, a miƙa wa na gaba.

Da alif abin ya fara. Ina kwafar wani littafin fiƙihu, na ja alif, ya fito a karkace kamar lauje. Shekara ashirin ina wannan aiki, hannuna bai taɓa rawa ba. Na ɗora wa alƙalami laifi, na fere wani.

Bayan mako guda yatsuna suka daina riƙe mazari. Sai jiri. Ran nan na faɗi a bakin rijiya, guga a hannu.

Wanzami ya yi mini ƙaho a kafaɗa. Na sha sabara, na sha rubutu. Zanen saƙina mafi kyau ya tafi wajen magani. Hannun dama dai ya kumbura har awarwaro ya ƙi fita.

Ban ji tsoron mutuwa ba. Tsorona in rayu ina kallon littafin nan rabi a rubuce, ban iya ƙarasa shi ba.

Yayata Dije ta ɗauko Inna Kulu, wata tsohuwa mai magani daga Dundaye. Ta murza hannun, ta ce, "Yaushe rabonki da zama hannu sake?"

Na ce ban san wannan ba.

"To shi ne ciwonki. Ki yi jego, kwana arba'in. Ba alƙalami, ba kaɗi, ba daka."

"Inna, jego da furfura? Ina jaririn?"

"Hannun ga shi ne jaririn. In kin ƙi, ki binne shi."

Na fusata. Ni da nake faɗa wa mata cewa zaman banza gado ne na Shaiɗan! Kwana na shida na ɓoye mazari a ƙarƙashin tabarma. Zare kaɗan na murza, washegari ko lomar tuwo na kasa kaiwa baki. Dije ta ba ni da hannunta, ta ce, "Malama, duk karatunki akuya ta fi ki wayo. Ita in ta gaji kwanciya take."

Ta kulle mazari da tawada a ɗakinta.

Sai na zauna. Kwanakin farko kunya ta kusa kashe ni, in na ji sallama sai in gyara zama kamar an kama ni da sata. Maƙwabta kuma ba su bar ni ba: "Ina kwanan mai jego? Yaushe suna?"

A hankali na fara ganin gidana. Ashe kurciya ta yi sheƙa a tsamiyarmu. Ashe mijina yana da labarai masu ban dariya, ban taɓa zama na ji ƙarshen ko ɗaya ba. Na yi barcin rana, wanda na sha rubuta falalarsa ga wasu, ni ban taɓa yi ba.

A kwana na talatin awarwaro ya zame da kansa. Na yi kuka.

Har yanzu ina da fushi. Mace a garin nan ba ta da izinin hutu sai ta haihu ko ta faɗi. Kuma da bakina aka ƙara ɗaure wannan igiya. Ladi, ranar da na same ki zaune a inuwa na kira ki malalaciya a gaban mata, ki yafe mini.

Na gode wa Allah, na gode wa Dije da Inna Kulu.

In hannu ya fara rawa, kada ku zargi alƙalami. Ku ajiye aiki tun jiki yana roƙo, kafin ya yi umarni. Daga yau a gidana, bayan azahar ba karatu, ba kaɗi. Mai son zuwa ta zo da tabarmarta kawai.

Littafin saura shafi tara, kuma zai jira. Takardar nan ma kwana uku na yi ina rubuta ta, don ina hutawa a tsakani. Ku duba alif ɗin, a miƙe yake.