Kular Shinkafar da Na Kai wa Surukata

A gidajen ma'aikata na tashi, inda in za ka gidan mutum sai ka riƙe ɗan dafaffen abu a hannu. Don haka ranar da zan fara zuwa gaida surukata a ƙauyensu, can bayan Illela, na yi asubanci na dafa shinkafa da miyar zabuwa, na cika kula. So nake ta san ɗanta bai auro raguwa ba. Mijina ya ga kular ya yi shiru, shirun da har yau ban yafe masa ba.

Na durƙusa na gaishe ta, na tura kular gabanta ina jiran yabo. Ta buɗe, ta rufe.

"Ɗiyata, wa yac ce miki yunwa muka ji gidan ga?"

Ashe a can baƙo ɗanyen abu yake kawowa, albasa ko sukari ko goro. Dafaffe kuwa zagi ne. Ga shi tun safe ta sa an yanka mini zakaranta. Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa fuskata.

Ba ta yi faɗa ba. Kwanoni ta ɗauko ta rarraba shinkafar gida-gida, a ce amarya ce ta zo da ita. Kwano kuwa ba ya dawowa haka nan. Kafin la'asar an jere mini tuwon dawa, dambu, ɗanwake da fura har ƙwarya biyu. Ƙanwar mijina ta zauna a bakin ƙofa tana gadina.

"Ki taɓa kowane, matar yaya. Wanda kinka tsallake, mai shi za ta ji."

Na taɓa kowane. Na sassauta zane, gumi yana zuba, ita kuwa tana dariya har da riƙe ciki. Ina cewa na tsira sai ga zakaran surukata a akushi, da tuwon gero malmala uku.

Wallahi da hawaye na ci, amma ban bar ko ƙashin kirki ba. Da aka fita da akushin na kasa kunne. Ta bayan zana na ji surukata ta ƙwanƙwasa shi.

"Ta cinye? To, hankali dai da saura, amma wagga tamu ce. Ku shimfiɗa mata tabarma kar ta fashe."