Tafin Hannun Lamba Bakwai

Sale mai gyaran keke ne a bakin kasuwar Kiyawa, kuma tun yana saurayi ba ya yarda da mutum a karon farko. In ka kawo masa keke ka ce taya ce kawai ta yi faci, sai ya juya keken sama ya duba sarƙa, ya duba burki, ya kuma dube ka. Ya taɓa buga ƙwallo ba takalmi a filin makarantar firamare, har gwiwarsa ta hagu ta goce. Daga nan ya koma kallo, yana tsaye a bayan raga yana kushe kowa.

Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, ma'aikata suka kwararo Dutse daga Kano, sai wani ɗan kwangila, Alhaji Baffa, ya kafa ƙungiyar ƙwallo mai biyan 'yan wasa albashi. Ya sa mata suna Ɗorawa. Ya ɗauko koci daga Kano, amma kocin bai san ƙauyuka ba, shi ya sa aka nemo Sale ya riƙa zagaya kasuwanni yana zaɓo yara. Aikin nan ya fi masa komai. Shi ne ya sa mutanen da a da suke kiransa Sale Faci suka koma cewa Malam Sale.

A shekara ta uku ƙungiyar ta rasa lamba bakwai, wato ɗan wasan gefen dama mai kawo ƙwallo gaban raga. Aka zauna a shagon Alhaji ana gardama.

"Dogo nake so," in ji Alhaji Baffa. "Wanda in ya yi tsalle sai an ɗaga kai."

Koci ya ce, "Alhaji, gefe ba wurin dogo ba ne. Mai gudu za a nemo, wanda zai bar mai tsaron baya yana haki."

"Kai fa, Sale? Ka yi shiru kamar an aiko ka leƙen asiri."

"Ranka ya daɗe, ni wanda zai zo nake so."

Suka yi dariya, amma sun san abin da yake nufi. Bara, ruwan farko na sauka, 'yan wasansu biyu suka tafi gida shuka, ba su dawo ba sai bayan noman biyu. Sale ne kuma ya zaɓo su tun farko. Alhaji ya nuna shi da makullin mota ya ce, "To, je ka nemo mai zuwan. Amma in ranar babban wasa na duba fili ban gan shi ba, kai ma kada in ƙara ganinka."

Tun daga abin da ya faru bara Sale ya samo dabararsa. Ba ya fara duba ƙafar yaro. Hannu yake ba shi, ya riƙe ya ƙi saki, yana murza tafin da babban yatsa. In ya ji kanta irin ta fartanya, ya san akwai gona a bayan yaron, akwai kuma uban da zai aiko a kira shi. Yara da yawa masu kyau ya bari a Kafin Hausa da Kiyawa saboda tafin hannunsu.

A Jahun ya ga Misbahu, ranar kasuwa da la'asar. Siriri ne, ba dogo ba, yana gudu a kan layi kamar ba ya taɓa ƙasa, in ya aiko ƙwallo kuma sai ta sauka inda ake jiranta. Sale ya ba shi hannu. Tafin sumul.

Wannan ya fi kantar tayar masa da hankali. Yaron Jahun, hannu kamar na amarya?

"Kai, ina gonarku?"

"Ba mu da gona, Baba. Mahaifina ma'aikacin ƙaramar hukuma ne."

"Kowa haka yake cewa. Me kake shafawa?"

Misbahu ya yi dariya. "Ruwan alwala."

Sale bai yi dariya ba. Ya bi shi har gida, ya ce ƙishirwa yake ji, don dai a shigar da shi zaure. Ya leƙa tsakar gida yana neman rumbu, bai gani ba. Ya duba bayan ƙofa ko akwai fartanya. Ya tsaya wajen mai shayi na unguwar ya yi tambaya a karkace, ya sake yi wa mai wanki irinta don ya ji ko bakinsu zai zo ɗaya. Kowa ya ce gidan ba sa noma, sai ya kai yaron ƙungiyar. Duk da haka, da damina ta faɗi, kullum aka yi hadari sai ya hau kekensa ya je masaukin 'yan wasa a Dutse ya tabbatar yaron na nan. Yana nan. Ya buga wasannin damina duka, Alhaji har ya daina zancen dogo.

Babban wasan ya faɗo a cikin rani, wanda in suka ci za su hau rukuni na gaba. Ana saura kwana biyu aka wayi gari babu Misbahu. Ya bar saƙo wajen mai gadin masauki cewa kawunsa ya aiko.

A Jahun mahaifiyarsa, Inna Gaji, ta yi wa Sale bayani daga bayan labule, ba tare da ta ga abin mamaki a ciki ba. Su asalinsu makiyaya ne. Shanun dangi duk suna garke ɗaya a hannun Kawu Hussaini, kuma duk shekara in za a tashi da su zuwa fadama, kowane gida mai saniya a ciki sai ya ba da namiji ɗaya. Bana layin Misbahu ne.

"Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

"Malam, gona ka yi ta tambaya."

Sale ya samu garken a arewa da gari, a hanyar fadama, da hantsin ranar wasa. Kawu Hussaini dattijo ne mai ƙaramin gemu, ya rataya sanda a kafaɗa. Ya ƙi karɓar hannun da Sale ya miƙa masa.

"Kai ne mutumin da aka ce yana yawo a Jahun yana tambayar abin da muka mallaka?"

"Ƙwallo ce ta kawo ni, Kawu."

"Haka wani ya ce mini shi mai allurar shanu ne. Da safe babu bijimai biyu."

Sale ya janye hannunsa. Bai taɓa tsayawa a wannan gefen tambaya ba. Misbahu na can gefe da sanda, ya sunkuyar da kai. Sale ya yi bayanin wasan, ya yi bayanin Alhaji, ya ce yini ɗaya kawai yake roƙo. Dattijon ya saurara yana kallon takalminsa.

"Gidansu mutum ɗaya za su ba ni. Ban ce lallai shi ba. In ka tafi da shi, wa zai tare mini gefen nan kada su faɗa lambun mutane? Kuma wa ya ce za ka dawo da shi?"

Sale ya dubi shanun, ya dubi gwiwarsa. Ya danƙa kekensa a hannun Misbahu, ya ce ya taka zuwa titi ya hau motar Dutse. Sannan ya karɓi sandar.

Yinin nan ya sha wuya. Shanun ba su san muryarsa ba, wata jar saniya ta yi ta bin sa da ƙaho, gwiwar ta kumbura tun kafin azahar. Kawu Hussaini bai matsa daga bayansa ba, ko fitsari ya tsuguna sai ya ji idon dattijon a ƙeyarsa. Shi kuma duk tunaninsa ɗaya ne: yaron nan Dutse ya nufa, ko gida ya koma ya kwanta?

Washegari da safe Misbahu ya dawo a kan keken, ya ce sun ci ɗaya da nema, shi ya aiko ƙwallon da aka zura. Sale ya ce to. Bai yi murna ba sai da ya ɗingisa har Dutse, Alhaji Baffa ya hango shi daga cikin shago ya sa aka kawo masa kujera.

Sale ya riƙe aikin har shekarun da aka ƙaddamar da shari'a, lokacin da Alhaji ya ɗinka wa 'yan wasa wando mai rufe gwiwa, daga baya kuma kwangila ta ja baya, ƙungiyar ta watse. Sale ya koma bakin kasuwar Kiyawa. Babura sun yi yawa a lokacin, sai ya koyi facin tayarsu.